Milimita 8 tsakanin ƙafa da ƙasa: alƙaluman sandal ɗin gudu

Sau 600 ƙafar mai gudu ke dira a ƙasa a kowace kilomita, bisa ƙiyasin da Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka kawo a mujallar Nature a watan Janairun 2010. A gudun fanfalaki mai kilomita 42.195, jimillar ta haura dira 25,000. Ga mai sauka da dunduniya, kowace dira na zuwa da bugu mai ƙarfin ninki 1.5 zuwa 3 na nauyin jiki, kuma bugun na ratsa ƙafa cikin kashi ɗaya bisa 20 na sakan. Mutum mai kilogiram 70 na karɓar kwatankwacin kilogiram 105 zuwa 210 ke nan a kowane taku. Duk muhawarar da ake yi kan takalmin gudu, daga kambas mai soso har zuwa sandal mai falle ɗaya, tana komawa ne ga yadda za a raba wannan jimilla tsakanin ƙashi, tsoka, jijiya da roba.

Kashi 19 zuwa 79 cikin 100 na masu gudun dogon zango ke samun rauni a ƙafa ko gwiwa ko cinya, in ji bitar da van Gent da abokansa suka yi wa binciken da aka tara, wadda ta fito a British Journal of Sports Medicine a 2007. Faɗin tazarar ya samo asali ne daga bambancin abin da kowane bincike ya kira rauni, da tsawon lokacin da aka bi mutanen. Gwiwa ce ta fi yawan fitowa a lissafin. Kusan dukkan waɗanda aka ƙirga sanye suke da kambas na zamani, kuma daga nan tambayar ta taso: idan soso bai hana wannan adadi ba, me zai faru idan aka cire shi?

Shekara 10,000 ke nan, a ƙiyasi, da aka saƙa takalma mafi daɗewa da aka tabbatar da shekarunsu. Sandal ne na ɓawon wani ɗan itace, waɗanda Luther Cressman ya tono a kogon Fort Rock da ke jihar Oregon ta Amurka a 1938. Kambas mai soso a dunduniya bai yaɗu ba sai a shekarun 1970. Shekara 50 cikin 10,000 rabin kashi ɗaya ne cikin 100. Adadin na nuna wanda ya riga wani zuwa, amma bai nuna wanda ya fi kare ƙafa ba.

Milimita 8 ce iyakar da masana suka sa wa kaurin ƙasan takalmin da zai samu cikakken maki a ma'aunin ƙarancin takalmi. Jean-François Esculier na Jami'ar Laval da ke Kanada ne ya jagoranci tsara ma'aunin, da amincewar masana 42 daga ƙasashe 11, aka wallafa shi a Journal of Foot and Ankle Research a 2015. Abu biyar ake dubawa: nauyi, kauri, gangara daga dunduniya zuwa yatsu, lanƙwasuwa, da kayan da ake cusawa don riƙe ƙafa. Cikakken maki na buƙatar nauyi ƙasa da giram 125, kauri ƙasa da milimita 8, gangara ƙasa da milimita 1. Takalmin da ya kai giram 325, ko kaurin milimita 32, ko gangarar milimita 13, ba ya samun maki ko ɗaya a wannan ɓangaren. A ɗaya gefen, hukumar World Athletics ta ƙayyade milimita 40 a 2020 a matsayin kauri mafi yawa ga takalmin tseren kan titi. Tsakanin iyakokin biyu akwai ninki 5.

Huda 3 ce ke riƙe da sandal ɗin da aka kwaikwaya. Mutanen Raramuri, waɗanda ake kuma kira Tarahumara, na zaune a tsaunukan jihar Chihuahua ta ƙasar Meziko, suna yanka tsohuwar tayar mota daidai da girman tafin ƙafa. Ana huda guda tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, a huda biyu a gefen dunduniya, sannan a zura tsirkiyar fata ɗaya ta bi ta cikin ukun, a naɗe ragowarta a idon sawu a ɗaure. Sunansa huarache. Babu soso, babu tudu a dunduniya, babu abin tokare kwarmin tafin ƙafa, yatsu kuma a sake suke. Takalmin taya da ake yankawa a kasuwannin ƙasar Hausa da na gabashin Afirka daga kaya iri ɗaya yake, bambancin yana wajen ɗauri: silifa mai hanci kaɗai na tilasta wa yatsu su damƙe ta a kowane taku, tsirkiyar da ta zagaye dunduniya kuwa tana ɗauke musu wannan aiki. Littafin Born to Run na Christopher McDougall, wanda ya fito a 2009, shi ya kai labarin wannan sandal kasuwannin Amurka da Turai. A shekarar ce aka kafa kamfanin da ya zama Xero Shoes a jihar Colorado, wanda ya fara da sayar da fallen roba mai milimita 4 ko 6 da igiya, mai saye ya yanka da kansa. Luna Sandals ya biyo baya a birnin Seattle a 2010.

Kashi 75 cikin 100 na masu gudu da kambas da dunduniya suke sauka. Hiroshi Hasegawa da abokansa sun kafa kyamara a kilomita ta 15 ta tseren rabin fanfalaki na Sapporo a Japan, suka tantance saukar mutum 283, aka wallafa sakamakon a 2007. Kashi 74.9 sun sauka da dunduniya, kashi 23.7 da tsakiyar ƙafa, kashi 1.4 da gaban ƙafa. A cikin 50 na sahun gaba, masu sauka da tsakiyar ƙafa sun tashi zuwa kashi 36. Peter Larson ya ƙirga mutum 936 a wani tsere a jihar New Hampshire, yawancinsu masu gudun motsa jiki, ya samu kusan kashi 89 na sauka da dunduniya a kilomita ta 10. Gwargwadon raguwar sauri, gwargwadon ƙaruwar saukar dunduniya.

Ninki 3 ne bambancin bugun farko tsakanin salon sauka biyu, a alƙaluman Lieberman na 2010, waɗanda aka tattara a Amurka da yankin Rift Valley na Kenya. Wanda ke gudu ba takalmi yana sauka da gaban ƙafa ya samu bugu mai kashi 58 cikin 100 na nauyin jikinsa. Wanda ya sauka da dunduniya cikin kambas ya samu ninki 1.74, wanda ya sauka da dunduniya ba takalmi kuma ya samu ninki 1.89. Dalilin yana ga yawan jikin da ke tsayawa cak a lokacin dira. Idan dunduniya ta fara taɓa ƙasa, ƙafa da ƙwauri na tsayawa tare, kusan kashi 6.8 na nauyin jiki. Idan gaban ƙafa ne, idon sawu na lanƙwashewa, sai abin da ke tsayawa ya ragu zuwa kashi 1.7.

Ninki 7 shi ne adadin da ya fi shafar mai sayen sandal, kuma shi aka fi tsallakewa a tallace-tallace. A wannan binciken dai, saurin hauhawar bugu ya kai ninkin nauyin jiki 65 a sakan ga mai sauka da gaban ƙafa ba takalmi, da 70 ga mai sauka da dunduniya cikin kambas. Waɗannan biyun kusan ɗaya suke. Ga mai sauka da dunduniya ba takalmi, adadin ya kai 463. Ma'anarsa ita ce soso na yin aikin da aka sa shi ga mai saukar dunduniya: yana shimfiɗa bugun a kan lokaci mai ɗan tsawo. Wanda ya cire soso ya bar salon saukarsa yadda yake ya zaɓi mafi tsananin yanayi cikin ukun. Fallen roba mai milimita 5 na kare fata daga tsakuwa, ƙaya da zafin kwalta, amma ba ya rage bugu yadda soso ke yi.

Kashi 72 cikin 100 na mutanen Daasanach na arewacin Kenya, waɗanda suka saba tafiya ba takalmi, da dunduniya suka sauka a saurin da suka zaɓa da kansu. Kevin Hatala da abokansa ne suka auna mutum 38, suka wallafa a PLOS ONE a 2013. Kashi 24 sun sauka da tsakiyar ƙafa, kashi 4 da gaba. Wannan adadi ya kusa daidai da na masu kambas a Sapporo. Ya rushe zaton cewa rashin takalmi kaɗai na mayar da mutum mai sauka da gaban ƙafa. Sauri, taushin ƙasa da yawan gudun da mutum ya saba yi duk suna da hannu a ciki.

Mutum 35 Lieberman ya auna a ƙasar Tarahumara, a binciken da ya fito a Journal of Sport and Health Science a 2014, kuma wannan na cikin 'yan kaɗan da aka yi kan sandal kansa. A cikinsu 23 na sa huarache, 12 na sa takalman kanti. Masu sandal sun rabu uku: kashi 40 tsakiyar ƙafa, kashi 30 gaba, kashi 30 dunduniya. Masu takalman kanti kuwa kashi 75 dunduniya, kashi 25 tsakiya. Sandal ya rage saukar dunduniya da fiye da rabi, amma kusan mutum ɗaya cikin uku da suka girma a cikinsa bai bar ta ba.

Mutum 1 cikin 75 aka samu da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa a mazan Tarahumara masu sandal, a binciken Nicholas Holowka da abokansa a mujallar Scientific Reports ta 2018. A cikin mazan Amurka 26 da aka kwatanta su da su, an samu 8, wato kashi 31 cikin 100. Hoton cikin ƙafa ya nuna tsokoki biyu, wadda ke buɗe babban yatsa da wadda ke buɗe ƙaramin yatsa, sun fi girma a masu sandal, kwarmin tafin ƙafarsu kuma ya fi tauri yayin tafiya. Rukunin biyu sun bambanta a abinci, aiki, nauyin jiki da irin ƙasar da suke takawa, saboda haka ba duk tazarar za a ɗora wa takalmi ba. Gwajin da aka yi da rarraba mutane ne ya cike wannan giɓi.

Kashi 41 cikin 100 ƙarfin tsokokin ƙafa ya ƙaru cikin mako 8 ga waɗanda suka yi tafiya kawai da takalmi mara soso. Sarah Ridge ta Jami'ar Brigham Young a jihar Utah ta raba masu gudu 57 gida uku, aka wallafa sakamakon a Medicine and Science in Sports and Exercise a 2019. Rukuni ɗaya ya yi atisayen ƙafa, ɗaya ya yi tafiya da sabon takalmin, ɗaya bai canza komai ba. Masu tafiyar sun fara da taku 2,500 a rana a mako biyu na farko, suka hau 5,000 a mako biyu na gaba, suka tsaya a 7,000 har ƙarshe. Ba a bar su sun yi gudu da takalmin ba. Girman tsokokinsu ya ƙaru da kusan kashi 7, rukunin da bai canza komai ba kuma bai nuna sauyi ba. Taku 2,500 bai wuce kilomita 2 ba ga mai matsakaicin tsayi, wato zuwa kasuwar unguwa da dawowa.

Kashi 57 cikin 100 aka samu a wata 6, a gwajin Rory Curtis da Kristiaan D'Août na Jami'ar Liverpool a Ingila, wanda ya fito a Scientific Reports a 2021. Mutum 22 ne suka sa takalmin Vivobarefoot a harkokinsu na yau da kullum, aka auna ƙarfin da yatsunsu ke danna ƙasa da shi kafin da bayan lokacin. Da aka kwatanta su da waɗanda suka shekara biyu da rabi suna sa irin takalmin, ƙarfin ya zo kusan ɗaya. Yawancin ribar ke nan tana samuwa a watanni shida na farko. Gwaje-gwajen biyu da rufaffen takalmi aka yi su, amma abin da aka gwada, wato rashin soso da rashin tokari, shi ne abin da sandal ya ginu a kai.

Mutum 103 Holowka ya sake aunawa, 81 a Kenya da 22 a Amurka, don duba kantar tafin ƙafa, a wani binciken da Nature ta wallafa a 2019. Masu yawo ba takalmi sun fi kaurin kanta da taurinta, amma kaurin bai rage musu jin motsin da aka sa a tafin ƙafarsu da na'ura ba. Kanta na karewa ba tare da ta toshe ji ba, saboda tauri gare ta, ba ta shanye abin da ya taɓa ta. Falle mai tauri kuma siriri ya fi kusa da wannan hali fiye da soso.

Mutum 10 cikin 19 sun nuna alamar wahalar ƙashi bayan mako 10 da komawa gudu da takalmi mara soso. Wannan ma aikin Ridge ne, na 2013, kuma shi ne ɗaya fuskar lissafin. Masu gudu 36 aka ɗauka, 19 suka koma Vibram FiveFingers sannu a hankali, 17 suka ci gaba da kambas ɗinsu. Hoton MRI ya nuna taruwar ruwa a ɓargon ƙasusuwan ƙafa a kashi 53 cikin 100 na rukunin farko, da mutum 1 kacal, kusan kashi 6, a rukuni na biyu. Biyu daga cikin goman sun kai ga tsagewar ƙashi. Ƙafa na da ƙashi 26, kuma dogayen ƙasusuwan da ke bayan yatsu su ke karɓar nauyin da aka ɗauke wa dunduniya. Tsoka na ƙara ƙarfi cikin makonni, ƙashi kuwa na buƙatar watanni kafin ya sake gina kansa daidai da sabon nauyi. A tazarar da ke tsakanin lokutan biyu raunin ke faruwa: mai gudu na jin ƙafarsa ta yi ƙarfi, ya ƙara nisa, alhali ƙashin bai iso ba.

Rauni 23 aka ƙirga cikin masu gudu 99 a birnin Vancouver na Kanada, a gwajin mako 12 da Michael Ryan ya jagoranta, wanda British Journal of Sports Medicine ta buga a 2014. Masu kambas na yau da kullum sun samu 4, masu takalmi mara soso gaba ɗaya sun samu 7, masu na tsaka-tsaki sun samu 12. A kashi, 13 ke nan da 20 da 38. Rukunin da ya cire soso gaba ɗaya ya fi kokawa da ciwon sharaɓa da ƙwauri, abin da ya dace da yadda saukar gaban ƙafa ke ɗauke aiki daga gwiwa ta ɗora wa sharaɓa da agara. Rukunin tsakiya ne ya fi jin jiki, kuma bayanin da ya fi dacewa da alƙaluman Harvard shi ne sosonsa ya isa ya ɓoye zafin saukar dunduniya amma bai isa ya rage bugunta ba.

Kilogiram 71.4 ne nauyin da haɗari ya fara hauhawa daga kansa, a gwajin mako 26 na Joel Fuller a Jami'ar South Australia da ke Ostareliya, wanda ya fito a American Journal of Sports Medicine a 2017. Cikin masu gudu 61, rauni ya samu 16 daga 31 masu takalmi mai ƙarancin soso, da 11 daga 30 masu kambas, wato kashi 52 da kashi 37. Tazarar ba ta kai matakin da lissafi zai tabbatar da ita ba idan aka haɗa kowa. Da aka sa nauyin jiki a ciki sai ta bayyana: masu nauyi sun fi samun rauni da takalmi mai ƙarancin soso. Ciwo ya kuma ƙaru ga waɗanda suka wuce kilomita 35 a mako.

Kashi 1 cikin 100 na iskar da jiki ke ƙonawa ke ƙaruwa da kowane giram 100 da aka ƙara wa takalmi. Jason Franz da Rodger Kram na Jami'ar Colorado sun tabbatar da haka a 2012, Wouter Hoogkamer kuma ya nuna a 2016 cewa giram 100 na rage saurin tseren mita 3,000 da kashi 0.78, kusan sakan 5 a tseren minti 10. A nan sandal ke da riba kan kambas mai giram 300. Sai dai gwajin 2012 ya kuma nuna cewa idan nauyi ya zo ɗaya, mai ɗan soso a ƙafa na ƙona kashi 3 zuwa 4 ƙasa da wanda ba shi da shi, domin tsokar ƙafa ce ke biyan kuɗin tausasa dirar da soso zai tausasa. Ribar rashin nauyi da asarar rashin soso na cinye juna.

Minti 3 da sakan 5 ne tsakanin nasarori biyu na Abebe Bikila ɗan Habasha a gasar Olamfik: awa 2 da minti 15 da sakan 16 a Roma a 1960 ba takalmi, da awa 2 da minti 12 da sakan 11 a Tokyo a 1964 da takalmi. A 1993 Victoriano Churro, ɗan Tarahumara da ya haura shekara 50, ya lashe tseren mil 100 na Leadville a Colorado da sandal ɗin taya. A watan Afrilun 2017 Lorena Ramírez ta lashe tseren kilomita 50 na Cerro Rojo a jihar Puebla ta Meziko cikin awa 7 da minti 3, da sandal a ƙafarta, a cikin 'yan tsere kusan 500. Dukkansu tun ƙuruciya ƙafarsu ta saba da ƙasa, shekaru masu yawa kafin ranar tseren. Mako 10 na gwajin Utah ba ya cikin ma'auni ɗaya da wannan.

Dala miliyan 3.75 kamfanin Vibram ya amince ya biya a 2014 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a jihar Massachusetts, kan tallan da ya ce takalminsa na ƙarfafa tsoka yana rage rauni. Kowane mai saye na iya karɓar har dala 94 kan takalmi ɗaya. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya yarda ya daina irin wannan iƙirari sai da hujjar bincike. Gwaje-gwajen 2019 da 2021 sun zo daga baya sun goyi bayan rabin farko na iƙirarin, wato ƙarfin tsoka. Rabi na biyu, rage rauni ga mai gudu, alƙaluman Utah na 2013 da Vancouver da Ostareliya ba su goyi bayansa ba.

Kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon sukari ke samun gyambon ƙafa a tsawon rayuwarsu, bisa ƙiyasin David Armstrong da abokansa a New England Journal of Medicine a 2017. Ga wannan rukuni lissafin gaba ɗaya ya juya, domin amfanin falle siriri ya dogara ne ga ƙafar da ke jin abin da ta taka ta gyara takunta, cutar kuma na kashe jijiyoyin jin. Ƙa'idojin kwamitin ƙasa da ƙasa kan ƙafar masu ciwon sukari sun hana wanda ke cikin haɗarin gyambo tafiya ba takalmi, ko da safa kaɗai, ko da silifa mai siririn ƙasa, a cikin gida ko a waje. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 537 ke ɗauke da cutar a 2021, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, miliyan 3.6 a Najeriya. A yankin Afirka, bisa wannan ƙiyasi na 2021, kashi 54 cikin 100 na masu cutar ba a gano ta a jikinsu ba.